Akwatin Shushaina da Tarihin Man Takalmi a Garin Kuza

Kalmar shushaina ba ta cikin Hausar kakanninmu. A bakin Turawa aka tsince ta, harshe ya tanƙwara ta har ta zauna daidai, kamar yadda aka yi wa lebura da masinja. Yau daga Gangare zuwa Unguwar Rogo babu wanda bai san ƙarar nan ta ƙwas-ƙwas ba, idan yaro ya biyo layi yana dukan akwatinsa da gindin buroshi. Kwanan nan kuma an fara ganin ƙananan na'urorin goge takalmi masu batir a shaguna, har yaranmu masu karatun ƙere-ƙere suna maganar su ma za su haɗa tasu wadda za a ajiye a gida. Madalla da wannan niyya. Amma kafin a kama zane, ya kamata a san cewa garin nan ya daɗe da ƙaramar na'urar goge takalmi, ta katako, kuma tana da tarihi.

Bahaushe ya san fata tun kafin ya san Bature. Majema suna jiƙa ta da bagaruwa, dukawa su rina ja da karan dafi, baƙi da kuloko. Fatar jar akuyar Sakkwato ta ratsa Sahara har Turai, inda suka riƙa kiran ta fatar Maroko don ta can take biyowa. Da ita da kilabon shanu ake ɗinka fade da sambatsai da kubutai, da kurufan mahaya dawaki. Idan takalmi ya bushe sai a shafa masa man shanu ko man gyaɗa a murza. Abin da baduku ke nema laushi ne da launi mai kama ido. Ya sa takalmi ya yi ƙyalli har mutum ya ga fuskarsa a ciki, wannan ba ya cikin lissafinsa. Kuma a tuna, yawancin talakawa a wancan zamani ba su da takalmin ma, wanda yake da shi kuwa yakan rataya shi a kafaɗa in tafiya ta yi nisa, don kada ya ƙare.

Ƙyalli kuza ce ta kawo shi. Mutanen Liruwe sun daɗe suna narka kuza suna sayarwa, labarinta ya kai kunnen Kamfanin Neja, suka aiko mutanensu neman tushenta tun 1902. Ba a jima ba wani Bature mai suna Laws ya kafa sansani a Naraguta. Daga nan kakanninmu suka yi ta kwararowa daga Kano, Katsina, Zariya, Bauci da Barno: leburori, mahauta, 'yan koli, masu jakuna, da malamai a bayansu. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya kai Bukuru a 1914, babban layin da ya biyo ta Kafanchan kuma ya shigo Jos a 1927. Jirgin da ke kwasar kuza shi ne ke sauke kaya a kantuna irin su John Holt, cikin kayan kuwa har da ɗan gwangwani mai faɗi na man takalmi.

Shi wannan gwangwanin sa'an garin nan ne, in ka duba. A 1906 wani mutum mai suna William Ramsay ya fara yin Kiwi a birnin Melbon na ƙasar Ostareliya. Sunan wani tsuntsu ne na ƙasar Niyu Zilan, inda matarsa ta fito, shi ne hoton da ke kan murfin har yau. A wannan shekarar ce kuma aka fito da Cherry Blossom a Ingila. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya baza su ko'ina, don sojan Ingila ba ya fita fareti da busasshen but.

To su wa suka fara goge takalmi a Filato? Boyi-boyi ne na gidajen Turawan kuza, a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi. Kafin maigida ya tashi an jera masa takalma a baranda suna walƙiya. Ka ga ke nan sana'ar a ɗakin boyi aka haife ta, kafin ta fito titi. A daidai wannan lokaci lebura yana cikin ramin kuza, ƙafa ba takalmi, cikin ruwan sanyin Jos da kowa ya san shi. Abin ya fi muni tsakanin 1942 da 1944, da gwamnatin Turawa ta riƙa ɗebo mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa don yaƙi yana bukatar kuza. Da yawa sanyi da ciwon ƙirji suka kashe su, Allah Ya jiƙan su. A garin nan takalmi mai ƙyalli shi ne ya fara nuna wa ke ba da oda, wa ke ɗaukar kwano a ka.

Sai akawuna da malaman makaranta da ma'aikatan reluwe, Yarabawa da Ibo da mutanen Gana da Saliyo, waɗanda ba sa zuwa ofis ko coci sai da sau-ciki a goge. Sai kuma sojojinmu da suka dawo daga Bama bayan 1945. Kafin wannan yaƙi sojan baƙar fata da ƙafarsa tsirara yake fareti. Suka dawo da but, suka dawo da dabarar soja ta ɗiga ruwa a kan mai ana murzawa da tsumma, shafi kan shafi, har gaban takalmin ya koma kamar gilashi. Wannan dabara tana nan a hannun yaran da ke zama kusa da barikin Rukuba.

Kasuwar akwati ta buɗe sosai bayan mulkin kai. Jos ta zama hedkwatar Jihar Binuwai-Filato a 1967, sakatariya ta cika da ma'aikata, jami'a ta tsaya da ƙafarta a 1975, kuɗin Udoji ya shiga aljihu, shirin UPE na 1976 ya cika firamare da yara, masu hali a cikinsu suna sanye da Cortina na kamfanin Bata. Ƙafafun da ke cikin fata suka yi yawa, kuma ba kowa ke da boyi ba. Ga jar ƙurar hunturu, ga caɓin damina mai tsawo. Nan ne ɗan ci-rani da almajirin da ya fara girma suka ga ƙofa.

Yanzu a dubi akwatin da kansa, don a nan darasin yake. Ba wani injiniya da ya zana shi, amma babu abin da aka sa masa a banza. Guntayen katako ne, irin ragowar da ake samu wajen kafintocin kasuwar Katako, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba. An yi shi daidai nauyin da yaro zai iya yawo da shi tun safe har la'asar bai sauya hannu sau ɗari ba. Marikin da ke sama aiki biyu yake yi: a ɗauka da shi, a kuma ɗora takalmi a kai lokacin gugar. Jikinsa kuwa ganga ce, don ramin cikin ne ke sa dukan buroshi ya shiga har cikin gida, matar aure ta ji ta aiko yaro da takalman maigida. A wani wurin ma kujera ce.

A ciki za ka tarar da gwangwani baƙi da ruwan ƙasa da marar launi. Buroshi aƙalla biyu, don na baƙi ba ya taɓa jan takalmi. Tsohon buroshin haƙori na shiga lungun da ke tsakanin fata da tafin takalmi. Gorar ruwan sabulu da aka huda murfinta da ƙusa, tana ɗigo kaɗan-kaɗan, ba ɓarna. Guntun soson katifa, tsumma mai laushi, yankin kwali da ake cusawa don kada mai ya taɓa safa. Sannan ɓangaren ɗinki: basilla, zare, guntun kyandir na murza zaren, gam, 'yan ƙusoshi. A gefe an rataya silifa guda, ta aro, wadda mai takalmi zai zura kafin a gama. Wannan silifar ni a ganina ita ce mafi wayo a cikin kayan duka. Wanda ya fara tunaninta ya fahimci cewa ɗan kasuwa ba zai bar shagonsa ba, kuma ba zai tsaya a ƙasa ba takalmi ba.

Aikin kansa mataki uku ne, kuma duk injin da za a ƙera dole ya bi su a jere. A fara kawar da ƙura, don in aka shafa mai a kan ƙura an yi wa fata kunun yashi, shi ne ke cin ta. Sannan a shafa mai siriri a bar shi ya sha iska. Man nan kaki ne, na zuma ko na wani icen giginyar Barazil da ake kira karnoba, an narka shi da wani ruwa mai saurin tashi, aka zuba launi. Ruwan ya tashi, kakin ya zauna a ƙofofin fata. Sai guga: saurin buroshi yana ɗumama kakin ya kwanta sumul, haske ya faɗa a kai ya dawo ido. Ƙyallin ke nan, ba wani asiri. Shi ya sa gaggawa ke ɓata aiki. Kuma shi ya sa nake jan kunnen yaran da ke tsinka mai da kananzir don ya yi auki. Takalmi zai yi ƙyalli yau, bayan wata biyu fatar ta tsage. Wannan algus ne, kuma mai takalmi ba ya dawowa.

Injin da Turawa suka yi, wanda ake gani a ƙofar manyan otal-otal, ɗan mota ne mai juya buroshi biyu ko uku a kan sanda ɗaya. Mutum ya tsaya, ya danna, ya miƙa ƙafa. An yi shi ne domin mai sau-ciki da wando, wanda ba ya cire takalmi daga safe har dare. Mu kuwa fa? Yawancin takalmanmu buɗaɗɗu ne masu maɗauri, irin ɗinkin Naraguta da na Ƙofar Wambai, buroshi mai gudu zai kama maɗaurin ya fizge, ko ya shafa wa yatsu baƙi. Ga farar shadda tana jan ƙasa, feshin mai ɗaya ya isa ya lalata ta ranar Juma'a. Kuma mu masu cire takalmi ne, a zaure, a masallaci sau biyar, a gaban manya. Saboda haka na'urar da za ta dace da gidajenmu ta takalmin da ke hannu ce, ba wanda ke ƙafa ba. A yi mata murfi da zai tare feshi. Kada ta yi gudun fanka, don zafi in ya yi yawa kwashe kakin yake yi. Buroshin ya zama ana cire shi a sauya, na baƙi daban, na ja daban. Kuma kada a jingina ta da wutar layi kaɗai. A yi ta da batir mai caji, ko ma da hannun juyi irin na keken ɗinki. Masu walda da naɗin waya na Dilimi ba abin da zai gagare su a nan.

Wata 'yar magana kan buroshi, tunda ana yawan tambaya. Mai kyau da gashin doki ake yi, mai araha da roba, amma akwai na waje da ake yi da gashin alade. Malaman Malikiyya sun sauƙaƙa a kan gashin da aka yanke ba tugewa aka yi ba, sai dai zuciyar yawancinmu ba ta kwanta da shi. Mai ƙerawa ya nemi na doki ya huta, ya kuma faɗa wa mai saye.

Abin da ya fi damuna ba injin ba ne, masu akwatin ne. Da kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, ga tsarin SAP ya biyo baya a 1986, wannan akwati ya riƙe gidaje da yawa. Ita ce sana'ar da ake shiga da jari mafi ƙanƙanta, kuma a cikin masu shaguna na yau akwai waɗanda da ita suka fara, ko da ba kowa ke son a tuna masa ba. A da yaro zai fito daga Gangare da safe, ya bi Taminus, ya haura Ahmadu Bello Way, ya shiga Tudun Wada ko Jenta, ya goge na mai zuwa coci ranar Asabar da yamma kamar yadda ya goge na mai zuwa masallaci ranar Juma'a. Ba a tambayar sunansa. Tun rikicin 7 ga Satumba 2001 wannan zagaye ya fara yankewa. Babbar kasuwa ta ƙone a Fabrairun 2002, dubban masu takalma suka watse. Na 2008 da na 2010 suka ƙara raba unguwanni, kowane ɓangare yana da layin da ɗansa ke tsoron tsallakawa. Bayan bama-baman Taminus na Mayun 2014 kuwa, duk mai ɗauke da akwati ya zama abin kallo. Yaran suka taru a 'yan unguwanninmu suna rububin takalman da ba su ishe su ba.

Ga kuma sauyin zamani. Takalmin roba na Caina da kambas sun cika gari, ba ruwansu da kaki. Can Ingila ma kamfanin da ya mallaki Kiwi ya janye shi daga kantuna, don mutanensu sun rage sa takalmin fata. A nan, in ka leƙa akwatin yaro yau, gwangwanin mai ya ja baya, gam da zare da garin sabulu na wanke kambas su suka cika shi. Kuɗin da yake samu a ɗinke maɗaurin da ya tsinke da manne tafin da ya ɗage ya fi na guga. Waɗanda suka ɗan samu sukan ajiye yawo, su kafa tebur a bakin masallaci ko tasha, su fara yanka sabon takalmi da kansu, akwatin kuma su miƙa wa ƙane da ya zo ci-rani daga gida.