Yadda Cocin St. Thomas Ya Nemi Limami

Masu karatu, yau na ɗan ajiye labarin soyayya, zan kai ku Filadelfiya ta Amurka. A ɗarikar Episkofal, dattawan coci ne ke zaɓen limaminsu, bishop ya sa hannu. Sai dai ba kullum abin ke zuwa da sauƙi ba.

A 1794 baƙaƙen fata na birnin, da yawansu 'yantattun bayi, suka buɗe cocinsu, St. Thomas, bayan an wulaƙanta su a cocin Methodist na St. George, inda aka nemi tashe su suna tsakiyar addu'a. Gini ya samu, saura mai ja gaba. Suka nemi Richard Allen, ya ce shi ɗan Methodist ne, ba zai sauya ɗarika ba. Sai suka juya ga abokinsa Absalom Jones, wanda aka haifa bawa a 1746, mutumin da ya fara fanso matarsa kafin ya fanshi kansa, don kada 'ya'yansu su tashi bayi.

Ga inda gizo ke saƙar: ƙa'ida ta ce sai limami ya san Girkanci da Latinanci. Aka ɗauke wa Jones wannan sharaɗi, Bishop William White ya naɗa shi dikin a 1795, daga baya ya zama limamin ɗarikar baƙar fata na farko. Amma da sharaɗin cocin ba zai tura wakilai babban taron shekara ba. Ni dai ina ganin cinikin ya yi tsada, domin Jones ya rasu a 1818, ba a ba su kujera ba sai shekarun 1860.