Goron da Gobir ba ta shuka ba

A Sabon Birni da Isa ba a ɗaura aure sai an raba goro, alhali itacensa bai taɓa tsirowa a ƙasar Gobir ba. Na kurmi ne, ganyensa kore shar rani da damina. Irin da Bahaushe ya fi so, mai ɓarewa gida biyu, a da daga dazukan Asante yake fitowa. A wancan zamani fatake kan saye shi a Salaga ta ƙasar Gwanja, su yi watanni bisa hanya da jakuna, suna kwance huhu suna yayyafa ruwa kada ya bushe.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya raunana wannan hanya. Lokacin da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, goron ƙasar Yarbawa ya riga ya kama kasuwa. Su Yarbawan kuwa har yau "gbanja" suke kiransa.