Sunuka: yadda ɗan wasa ke shawo kan faɗuwar gaba da mugun tunani

A garuruwan da ke bakin babbar hanya mai lamba 1 a jihar Maradi, daga Guidan Roumdji zuwa Aguié da Gazaoua, teburin sunuka na cikin wuraren da ke tara samari, kamar fada da gidan kallon ƙwallo. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallo ya san wannan: matashi zai jefa ƙwallo shida a jere in shi kaɗai yake, amma da an ce turmin ƙarshe ne, ga jama'a sun kewaye, sai ya kuskure wadda ke bakin rami. Hannun bai sake ba, zuciya ce ta shiga tsakani.

Mene ne sunuka?

Galibin teburan da ake gani a yankinmu ƙanana ne, na wasan da ake kira billard da Faransanci, ko da yake duka sunuka ake ce musu. Sunuka ta ainihi hafsoshin sojan Ingila ne suka ƙirƙiro ta a Indiya cikin ƙarni na 19. Teburinta ya kai kimanin mita 3,6 a tsawo, da rami 6. Akwai jajayen ƙwallaye 15 masu maki ɗaya ɗaya, da wasu 6 masu launi daga maki 2 zuwa 7, baƙa ita ce mafi tsada. Tun 1977 ake yin gasar duniya a zauren Crucible na birnin Sheffield a Ingila, inda wasan ƙarshe ke ɗaukar kwana biyu, wanda ya riga cin turmi 18 ya ɗauki kofi.

Daga ina matsin ke fitowa?

Idan gaba ta faɗi, jiki na sakin sinadarin adiranalin: zuciya ta ƙara bugu, tafin hannu ya jiƙe, jijiyoyi su ɗaure. A kokowa wannan na iya zama riba. Ɗan kokowar da ya shiga filin Maradi mai sunan Yacouba Ango Kantou, wanda ya ci takobin farko a Tahoua a 1975, yana sauke zafin ne a jikin abokin karawarsa. Ɗan sunuka ba shi da inda zai sauke. Bugunsa na son sakakken hannu, kuma ɗan matse sanda kaɗan ya isa ya karkatar da ƙwallo.

Abu na biyu shi ne zama. Muddin abokin hamayya na jefawa, ba ka da ikon taɓa tebur. A kujerar nan ne mugun tunani ke samun fili: ƙwallon da ta wuce, abin da ƴan kallo za su ce, kunyar komawa unguwa. A teburan gari akwai ƙarin nauyi: wanda aka ci shi ke biyan kuɗin wasa a wurare da yawa, wasu kuma har caca suke azawa.

Manya ma sun sha

A wasan ƙarshe na 1985, Steve Davis ya fara da ci 8 da nema a kan Dennis Taylor. Taylor ya riƙa biyo shi har suka yi 17 da 17, komai ya rataya a kan baƙar ƙwallo ta ƙarshe. Davis, gwanin zamaninsa, ya kuskure ta, Taylor ya jefa, mutum miliyan 18 da rabi na kallo a telbijin bayan tsakar dare. Jimmy White kuwa sau 6 yana kai wa wasan ƙarshe bai ci ba. A 1994 ya kuskure baƙa mai sauƙi a turmin raba gardama, Stephen Hendry ya share tebur.

Ronnie O'Sullivan ya taɓa ajiye sanda ya fice ana tsakar wasa da Hendry a watan Disamba 2006. A 2011 ya fara aiki da likitan ƙwaƙwalwa Steve Peters, wanda ke kwatanta sashen zuciyar da ke firgita da biri: ba a kashe shi, ba a kokowa da shi, lallaɓa shi ake yi. Daga nan O'Sullivan ya ci kofin duniya a 2012, 2013, 2020 da 2022, ya cika 7.

Dabarun da ke aiki

Na farko, kada a yi faɗa da tunanin. A 1987 masanin halayyar ɗan Adam Daniel Wegner ya nuna cewa idan aka hana mutum tuna wani abu, abin sai ya ƙara dawo masa. Mai cewa a ransa “kada in kuskure” kuskuren yake kallo. Gara ya ba kansa umarni ɗaya na aiki, kamar “kai ya tsaya” ko “tura sanda har ƙarshe”.

Na biyu, tsari ɗaya kafin kowane bugu. A yanke shawara a tsaye: wane rami, wane ƙarfi, ina farar za ta tsaya. A goga alli, a taka, a duƙa, a gwada sanda adadin da aka saba, a tsai da ido a wurin da ake nufi, a buga. Idan shakka ta zo bayan an duƙa, a miƙe a sake daga farko.

Na uku, numfashi. A ja iska ta hanci, a fitar da ita a hankali fiye da yadda aka ja ta, sau uku ko huɗu. Wannan na rage bugun zuciya.

Na huɗu, a ba kujera aiki: kurɓar ruwa, goge hannu, karanta tebur don sanin abin yi idan dama ta dawo.

Na biyar, atisaye da nauyi. Mai horo shi kaɗai zai iya ɗora wa kansa sharaɗi: ƙwallo 10 a jere, in ya kuskure ɗaya ya koma farko. Ta tara da ta goma za su koya masa irin faɗuwar gaban ranar gasa.

Inda ya kamata a yi hattara

Hausawa na cewa faɗuwar gaba asarar namiji, amma maganinta ba ya cikin ƙwaya. Taramol da makamantansa ba su ba da natsuwa, jaraba suke jawowa, suna kuma iya sa farfaɗiya. Wanda ya aza kuɗin cefane ko jarin sana'a a tebur ya ɗora wa hannunsa kayan da babu dabarar da za ta sauke.

Akwai kuma bambanci tsakanin fargabar wasa da ciwon damuwa. Mark Selby, wanda ya ci kofin duniya sau 4, ya fito fili a watan Janairu 2022 ya ce yana fama da wannan ciwo, ya kuma nemi taimakon likita. Idan baƙin ciki ya bi matashi har gida, ya hana shi barci da cin abinci na tsawon makonni, maganar ta wuce tebur: a kai shi asibiti ya ga ma'aikacin lafiya.