Raina Kama Ka Ga Gayya: Labarin OSCAR 1

'Yar uwa, in an ce tauraron ɗan'adam, abin da kan faɗo miki a rai shi ne manyan gwamnatoci da maƙudan kuɗi. Da gaskiyarki, don kuwa na farko, wato Sputnik, gwamnatin Tarayyar Sobiyet ce ta harba shi a 1957. To amma shekara 4 kacal bayan nan sai ga wasu 'yan ba-kowa-ba sun kutsa kai cikin harkar.

Mutanen nan 'yan jihar Kalifoniya ne ta Amurka, masu sha'awar haɗa rediyon oba-oba a gida don hira da na nesa. Ba albashi ake ba su ba. In sun taso daga aiki sai su hallara a gareji, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, har suka haɗa ɗan akwatin da bai kai kilo 5 ba, suka raɗa masa suna OSCAR 1. Roka kuwa ina za su same ta? Sai suka roƙi alfarmar sojojin sama aka rage masa hanya, ya tashi ranar 12 ga Disamba, 1961.

Kalma ɗaya rak yake aikowa, HI, da irin ƙwanƙwasar nan ta wayar tangaraho. Amma dubi dabara: in cikin akwatin ya ɗau zafi sai kalmar ta riƙa fita da sauri, in ya huce ta yi sanyi-sanyi. Mai saurare da agogo a hannu ya san lafiyarsa ke nan. Mutum sama da 570 a ƙasashe 28 suka ji shi kafin batirinsa ya mutu bayan kamar sati 3.

Rahotannin nan su suka nuna zafi ya yi masa yawa, aka gyara a OSCAR 2 cikin 1962. Zuwa 1965 OSCAR 3 har saƙon wani yake miƙa wa wani. A 1970 kuma aka harba wanda ɗaliban Jami'ar Melbon ta Ostireliya suka haɗa.

To uwargida, ke da kike cewa sai jari ya yi kauri za ki fara sana'a, su waɗannan da sun tsaya jiran rokarsu ta kansu, da har yau suna gareji. Ki fara da ɗan abin hannunki, ki kasa kunne ga masu gaya miki inda ya gaza, na biyu zai fi na farko.