Gafakar Kaka: Yadda Katsinawan Da Suke Adana Sani

 Yau dai ku yi haƙuri, ba labarin soyayya na kawo muku ba, tambaya ce nake tafe da ita. Idan mai sani ya kwanta dama, ina saninsa yake zuwa? Gida da gona da tufafi ana rabawa magada, kowa ya kama nasa. To abin da ke cikin ƙirji fa? Wannan matsala ce da ta dami kowace makaranta da kowace fada da kowane ofis tun zamanin da, kuma birninmu na Katsina ya daɗe yana fama da ita, ya kuma samo dabarunsa.

Duk wadda ta bi ta tsakiyar gari ta san hasumiyar Gobarau. Ginin ƙasa ne mai tsawon kamar ƙafa 50, ya haura shekara 500 a tsaye, ana danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Abin da yawancinmu ba mu kula da shi ba shi ne, wurin masallaci ne kuma makaranta, malamai na zaune ɗalibai na zuwa daga nesa. Wajen 1493 Shaihu Magili ya ratsa ƙasar Hausa, ya zauna a Kano da Katsina. A littafin da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa kan sha'anin mulki, cikin mutanen da ya ce lallai sarki ya ajiye kusa da shi har da marubuta da masu lissafi. Kin ga tun lokacin an gane cewa mulki ba ya tafiya da "na tuna" da "na manta". Har daga Masar, Shaihu Suyuɗi ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha, kuma dalilin da ya sa muka san da ita yau shi ne an kwafe ta an adana.

To yaya suke yi, ba injin ɗab'i, ba kwamfuta, ba ko biro? Nan ne wurin da ya fi ba ni sha'awa.

Matakin farko allo ne. Yaro ya rubuta, ya haddace, ya wanke, ya sake rubuta na gaba. Allo ba ma'aji ba ne, hanya ce kawai ta shigar da karatu cikin kai. Ma'ajin gaskiya shi ne ƙirjin mahaddaci, shi ya sa ake tilawa kullum, don abin da ba a bita gudu yake yi. Sai mataki na biyu, takarda. Takarda a lokacin abar tsada ce ƙwarai, fatake ke kawo ta a bayan raƙuma ta hamada, wata ma tun daga ƙasar Italiya, wadda in kin ɗaga ta a rana za ki ga alamar jinjirin wata guda uku a jikinta. Tawadar allo ta gawayi ce da ƙaro don ta wanku da sauƙi, amma ta littafi daban ake haɗa ta, da 'ya'yan bagaruwa, don ta kama takarda ta zauna. Ɗalibin da ke son littafi sai ya aro na malaminsa ya zauna ya kwafe da hannunsa, wata da watanni. In ya gama ya kawo a karanta, malam na riƙe da nasa yana gyara masa kuskure. A ƙarshen littafin mai kwafi yakan sa sunansa da sunan mai littafin, wani lokaci har da rana da wata, ya roƙi mai karatu ya yi masa addu'a.

Ga wata dabara da nake so ku riƙe. Littattafan nan ba a ɗinke su, warwara suke, falle-falle, don malam ya iya raba wa ɗalibai biyar littafi ɗaya a lokaci guda. To in iska ta kwashe su fa, ko yaro ya yi tuntuɓe da su? Sai marubuci ya riƙa rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a can ƙasan shafin da ya gama. Da wannan kalma guda ake bin sawu a mayar da kowane falle wurinsa. A gefen shafi kuma da tsakanin layuka ɗalibi yana rubuta bayanin da ya ji daga bakin malam, wani da Larabci wani da ajami, saboda haka littafi yana tsufa yana ƙara ƙiba da sani. Sannan a haɗa shi a ɗaure, a sa a gafaka ta fata, a rataye a bango. Ratayewar nan ba ado ba ce, tsoron gara ne da danshin damina.

Sai na uku, wanda ya fi duka: mutum. Ba a ɗaukar littafi a ce an iya don an karanta shi a ɗaki. Sai an zauna gaban malami a zaure ya biya maka, in ka sauke ya ba ka izini, ya faɗa maka wurin wanda shi ya karanta, da wanda ya karantar da wancan, har a dangana da mai littafin. Da haka ake sanin sanin da ke da asali da na shaci-faɗi. A irin wannan tsari aka samu su Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani, wanda aka haifa a 1595 ya rasu a 1667, ya bar sharhi a kan Ishiriniya. Har yau sunan unguwar Masanawa yana tuna mana da gidansu.

Akwai wani Bakatsine da labarinsa yake taɓa min zuciya, Malam Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari. Ya bar gida ya tafi aikin hajji, a 1732 ya rubuta littafi kan lissafin hatimi, irin gidajen nan da ake jera lambobi ta ko'ina ka tara su ba da adadi ɗaya. Bai dawo ba, a Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan wani malami abokinsa Hasan al-Jabarti, kuma shi ya bar wa wasiyyar littattafansa. Ɗan wannan malami, Abdurrahman al-Jabarti, ya zama babban marubucin tarihin Masar, ya kuma sa labarin baƙon mahaifinsa a littafinsa. Allah sarki. Mutumin Katsina, amma sai Misirawa ne suka riƙe mana labarinsa, don kawai a gidansu akwai mai rubutawa.

Ba kullum ake dacewa ba. Lokacin jihadi, Shehun Barno Muhammadu al-Kanemi ya zargi mutanen Shehu da watsar da littattafai a wurin yaƙi, abin da masana tarihi ke dangantawa da garin 'Yandoto, tsohon garin malamai na ƙasar Katsina ta da. Muhammadu Bello ya ba da amsa a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya bayyana cewa shi da kansa ya ga iska tana kwasar takardu, ya bi yana tsincewa har ya gaji, ya kuma tara jama'a ya ja musu kunne. Ko ta wane ɓangare ka duba maganar, abu ɗaya ne a fili: aikin shekaru aru-aru yana iya tafiya a yini guda. Birnin Katsina kansa ya koma hannun masu jihadi a 1807, Ummarun Dallaje ya zama sarki, tsohon gidan sarauta ya yi arewa har ya kafu a Maraɗi. Suka tafi da makaɗansu da maroƙansu, waɗanda su ne ke riƙe da jerin sunayen sarakuna a ka. Tarihin gari ɗaya ya rabu gida biyu, yau ma har da iyakar ƙasa a tsakani.

Kada wata ta ce ai duk wannan harkar maza ce. A Sakkwato, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta duba ta ga matan ƙauye ba za su iya barin ɗakunansu su zo birni karatu ba. Sai ta tsara karatun cikin waƙoƙi da Hausa da Fulatanci don ya yi sauƙin haddacewa, ta zaɓi dattawan mata ta naɗa su jaji, ta ba kowacce malfa. Jaji ta zo da 'yan rakiyarta ta ɗauki karatu, ta koma ta biya wa matan garinsu. Su ne 'yan taru. Ni a ganina ba a taɓa yi wa matan ƙasar nan tsarin da ya fi wannan dacewa da zamansu ba, don ya san mace na da tuwo a wuta da goyo a baya. Rubuce-rubucenta kuma zuriyarta suka adana a gidan Waziri, shi ya sa aka iya tattara su aka buga a littafi guda a 1997.

Turawa sun shigo Katsina a 1903, a 1906 Muhammadu Dikko ya hau sarauta. A zamaninsa ne da Razdan Palmer aka kafa baitulmali, kuɗin haraji da jangali suka koma shiga littafi, hakimai da alƙalai suka koma karɓar albashi. Daga nan aka shiga zamanin rasit da rajista da fayil. Malamin haraji ya bi gida-gida yana rubuta sunaye, muhuti ya zauna gefen alƙali yana rubuta shari'a, hakimi in ya tashi daga gari wanda ya gaje shi ya tarar da littattafai. Ba don ƙaunarmu Bature ya yi ba, kuɗinsa yake ƙirgawa. Amma dai gaskiya a faɗe ta, rigimar gona ko ta gado da aka yanke aka rubuta ta fi wuyar tasowa bayan shaidu sun mutu. Da yawa daga fayilolin lardin Katsina na wancan zamani suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, masu bincike na zuwa suna dubawa.

A 1921 aka buɗe Kwalejin Katsina, Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922, don a horar da malaman makarantun Arewa. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam duk nan suka yi karatu. Shi Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, saboda haka mu masu ɗan taɓa rubutun littafi muna da gado a garin nan. An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, daga baya Zariya, ita ce Barewa, tsohon gininta na ƙasa kuma ya zama gidan kayan tarihi. Sai dai bokon nan ya zo da wata asara da ba a cika magana a kanta ba. Da ofisoshi suka bar ajami suka koma boko, sai aka wayi gari jika yana riƙe da wasiƙar kakansa, da Hausa aka rubuta ta, amma ba ya iya karantawa. Abin da ba ka iya karantawa kuwa ba ka sanin darajarsa.

Nan ne maganar ta iso ɗakunanmu. In tsoho ya rasu aka zo share ɗakinsa, wa ake ba tsintsiya? Mu ne. Mu ke cin karo da tsohuwar adaka cike da takardu masu warin ɓera. Mai tsoron Allah ta ga rubutun Larabci ta ce a ƙona ko a binne don kada a taka, wadda ba ta damu ba ta bar yara su kwashe. Na taɓa sayen ƙosai aka ƙunso min shi a cikin wani shafi na tsohuwar rajistar wata makaranta, da sunayen yara da na iyayensu, mai ya jiƙe rabinsa. Wani ne ya zauna ya rubuta wannan da kyakkyawan hannu, yana ganin ya ajiye ke nan. A cikin irin adakar nan ake samun takardar cinikin gida, da ta bashi, da salsalar dangi, da haɗin magungunan da tsohon ya yi shekara 40 yana gwadawa.

Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya gane haka da wuri. Da zai rubuta tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883 bai tsaya kan fayilolin Turawa kaɗai ba, ya bi garuruwa da ƙauyuka yana zama da tsofaffi, yana rubuta wanda ya faɗa masa da inda aka faɗa da ranar. An buga littafin a 1981. Tsofaffin nan sun tafi, shi ma ya bi su a 2005, amma maganarsu tana nan da sunayensu. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 aka kafa Hukumar Tarihi da Al'adu, wadda aikinta ya haɗa da tattara irin waɗannan takardu da labaran baka.

Yanzu kuma zamanin waya ne. Uwar adashi tana riƙe da lissafin mata 30 a WhatsApp, sakatariyar ƙungiyar Islamiyya duk sunaye da kuɗin wata suna cikin wayarta. Ranar da wayar ta faɗa a bokitin wanki, ko aka zare ta a gidan biki, sai ki ji zumuncin shekara goma ya koma "na zuba" da "ba ki zuba ba". Malaman da ba sa yarda littafi ya zama kwafi ɗaya a hannun mutum ɗaya, mu kuwa da duk na'urorinmu mun koma haka.

A Tambutu ta ƙasar Mali, a watan Janairun 2013, 'yan bindiga sun ƙona tsofaffin littattafai kimanin 4,000 a cibiyar Ahmad Baba. Mafi yawa sun tsira ne don iyalai da ma'aikata sun riga sun zuba su a akwatunan ƙarfe sun fitar da su a ɓoye, a mota da kwale-kwale, zuwa Bamako. Can aka zauna ana ɗaukar hotonsu shafi-shafi ana sawa a kwamfuta. In aka buɗe akwati aka tarar da fallayen littafi sun cakuɗe, ba lambar shafi, sai ma'aikaci ya duba can ƙasa, ya nemo kalmar nan guda da wani malami ya rubuta shekara 300 da suka wuce, ya bi ta yana jerawa.