Kwale-kwale mai inji

Kwale-kwale mai inji ƙaramin jirgin ruwa ne da ake ɗaura wa inji mai farfela a bayansa maimakon tuƙi da filafili. Ole Evinrude ne ya ƙera irin wannan injin da ya fara samun kasuwa, a Milwaukee ta Amurka a shekarar 1909. A Najeriya injin Yamaha ya fi yawa.

Ana auna injin ne da ƙarfin doki, kamar 15 ko 40 ko 75. Mai sayen farko yakan so mafi girma, alhali injin da ya fi ƙarfin jikin jirgi yana danne bayansa, ya ɗaga gabansa, har ya kife a kwana. Sannan ya sha fetur.

Ruwan da za a bi shi ma abin dubawa ne. Kogin Sakkwato da ya ratsa Gusau da Bunguɗu yana janyewa da rani, farfela ta riƙa cin yashi, don haka bai dace da jirgi mai gudu ba. Dam ɗin Bakolori kusa da Talata Mafara, wanda aka kammala a 1978, yana riƙe ruwa duk shekara.

Hukumar NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ita ke rajistar jiragen, kuma tana wajabta sanya rigar kariya.