Magini da Izinin Gini a Ƙasar Adar

A zamanin da, idan magidanci a Takanamat ko wani ƙauye na arewacin Adar ya ƙudura niyyar ta da ɗaki ko sabunta katangar da damina ta cinye, ba ya neman takarda ko hatimi, domin izini a wancan lokaci magana ce ta fatar baki, wadda ake yi a zauren mai gari a gaban dattawa, shaidarsu kuwa ta wadatar. Daga nan sai a kira magini, wanda aikinsa bai tsaya ga kwaɓa laka da jera duwatsun da Allah ya hore wa ƙasar ba, shi ne ke duba inda indararo zai zuba, da inda taga za ta fuskanta, shi ne kuma yakan ce wa mai gida, cikin ladabi, "Alhaji, a fara sallama da maƙwabci tukuna."

Wannan ladabi yana da asali a fiƙihu. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa Malikiyya sun hana mutum ya buɗe tagar da za ta tona asirin maƙwabcinsa, sun kuma kwaɗaitar da shi ya bar maƙwabci ya kafa itacen rufi a jikin bangonsa. Har wani magini na birnin Tunis, Ibn al-Rami, ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini a ƙarni na 14, abin da ke nuna cewa tun tuni ana ɗaukar wannan sana'a a matsayin reshe na shari'a, ma'abucinta kuma amintacce ne da alƙali ke neman ra'ayinsa.

Babbar hujjar darajar maginin Adar tana garin Yama. A shekarar 1962 jama'ar garin suka ɗora wa magini Falke Barmu alhakin gina musu masallacin Juma'a, kowa ya kawo gudummawarsa, mai ruwa da mai itace da mai ƙarfin damtse; daga bisani ya gyara rufin, ya ɗora ƙubba, ya ta da hasumiyoyi huɗu waɗanda babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta, har ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Yardar jama'a da amanar gwani su ne tushen wannan aiki, kuma ina ganin ya wajaba a riƙa karantar da labarinsa a makarantunmu.

Takardar fili ta shigo ne tare da Faransawa, waɗanda suka kafa bariki a Tawa a farkon ƙarni na 20, suka zo da awon filaye da rajista. Ta daɗe ba ta wuce birni ba, sai da dokar filayen karkara ta 1993 ta haifar da kwamitocin ƙasa, sannan zaɓen 2004 ya ba ƙananan hukumomi irin Takanamat magajin gari da majalisa. A wannan tsakani kuma ƴan ci-rani suka yi ta aiko da dukiya daga Abijan da Libiya, siminti da kwano suka fara ture laka da azara, fili ya yi tsada, gardamar iyaka ta yawaita tsakanin magada.

Ba na musun amfanin takarda, domin ita ce garkuwar maraya da matar mamaci ranar da shaidu suka ƙare. Abin da ke damuna shi ne yadda tambayar da ake yi wa magini ta ƙuntata: a yau mai gida yakan tambaye shi buhun siminti nawa za a ci, da ko wajibi ne a je ma'aikatar magajin gari kafin a ɗora bene, amma da wuya ka ji an tambaye shi ko benen zai leƙa tsakar gidan maƙwabci, alhali shi ne mutum na farko da zai gane haka tun ana haƙa harsashi.